Ma'anar CVE, da abin da amsar "babu sakamako" take ɓoyewa

Kwanan nan duk rukunin WhatsApp na masu harkar kwamfuta da ka leƙa a Bauchi sai ka ci karo da haruffan nan uku, CVE, da doguwar lamba a bayansu. Sun shiga har gidajen rediyo. Da zarar an ambace su kuwa, sai ka ji mai gabatar da shiri ya ce "an yi kutse", mai POS a kasuwar Wunti ya ji, hankalinsa ya tashi ya fara tunanin kwashe kuɗinsa daga banki. Wannan na ɓata mini rai ƙwarai, domin CVE ba labarin kutse ba ne.

Lambar rajista ce da ake bai wa rauni idan an gano shi a manhaja. Cibiyar MITRE ta Amurka ce ta fara tsarin a 1999, don masana su riƙa kiran rauni ɗaya da suna ɗaya. Sakatar ƙofa ta lalace daban, ɓarawo ya shigo tsakar gida daban, kuma CVE sanarwa ce a kan sakatar. A 2024 kaɗai an wallafa sama da 40,000, mafi yawansu ba a ga wanda ya yi amfani da su ya shiga ko'ina ba. Shi ya sa hukumar CISA mai kula da tsaron intanet a Amurka ta buɗe jerin KEV a Nuwamba 2021, wanda ba a sa rauni a ciki sai an tabbatar ana kai hari da shi. Makin CVSS da ake liƙawa, daga 0 zuwa 10, munin raunin yake aunawa. Bai san ko manhajar tana kan na'urarka ba.

Mu ɗauki CVE-2021-44228, wanda aka yi wa laƙabi da Log4Shell, ya samu maki 10 cif. Raunin a cikin Log4j yake, wani ɗan ɓangare ne da masu rubuta manhaja da harshen Java suke sakawa don ajiye bayanin abin da ke gudana. A Disamba 2021 aka bayyana wa duniya cewa in ka tura wa sabar (kwamfutar da ke gudanar da manhajar) wani ɗan gajeren rubutu, tana rubuta shi a rajistarta sai ta je ta ɗauko umarni daga inda ka nuna mata, ta aiwatar. Har ta wurin hirar wasan Minecraft an yi shi. Aka fitar da gyara a siga ta 2.15.0. Kwanaki kaɗan aka ga gyaran bai cika ba, aka buɗe sabuwar lamba, CVE-2021-45046, aka fitar da 2.16.0. Kafin watan ya ƙare an kai 2.17.1. Wanda ya duba lambar farko kaɗai, ya sabunta zuwa 2.15.0 ya koma barci, da sauran aiki a gabansa. Ga kuma wata wahalar: Log4j yakan kasance a binne cikin wata manhajar da ka saya ko ka sauke, ba ka ma san yana nan ba. Saboda haka tambayar "shin wannan CVE ya shafe ni?" ba ta amsuwa da lambar kawai. Sai an san sunan kunshin (wato ɓangaren manhaja irin Log4j), sigarsa, da inda yake ɓoye.

To yanzu samarinmu masu rubuta manhaja, ɗalibai da waɗanda suka gama, sun fara miƙa wannan tambayar ga wakilan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin AI da ake ba aiki su aiwatar da kansu. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, tsarin haɗa irin waɗannan wakilai da kayan aiki na waje, a Nuwamba 2024, haɗa wakili da kayan binciken rauni ya zama aikin mintuna. Ban ƙi wannan ba, ina ma murna da shi, domin ba kowane ƙaramin kamfani ke iya ɗaukar masanin tsaro ba. Amma wakilin ba ya ganin cikin kayan aikin. Sunansa yake karantawa, da 'yan layukan bayanin da mai shi ya rubuta, da guraben da zai cike. Mutum in bai gane ba zai juya ya tambayi na kusa da shi. Wakili cike gurbin zai yi da hasashe, ya kawo maka amsa cikin natsuwa.

Shi ya sa nake auna irin wannan kayan aiki da takardar bayaninsa kafin komai. Ta faɗi daga ina yake ɗebo bayanai, domin rumbunan bayanan rauni ba iri ɗaya ba ne. Rumbun NVD na hukumar NIST ta Amurka yana gane manhaja da tsarin suna da ake kira CPE, shi kuwa OSV da Google ya kawo yana aiki da sunan kunshi da ma'ajiyar da ake sauke shi daga ita, kamar npm ko PyPI ko Maven. A Maven, cikakken sunan ɓangaren da Log4Shell ya shafa shi ne org.apache.logging.log4j:log4j-core. In takardar ba ta nuna misalin haka ba, wakili zai rubuta "log4j" zalla, ya iya samun jeri fayau, ya ce maka lafiya lau.

Wannan jerin da ya dawo fayau shi ne ya fi damuna, don ma'anarsa ta fi ɗaya. Wataƙila da gaske babu rauni sananne. Wataƙila sunan aka rubuta ba daidai ba. Wataƙila kuma rumbun ne bai kai ga aikin ba: daga Fabrairu 2024 NVD ya yi ta jinkiri wajen tantancewa, dubban CVE suka zauna ba a liƙa musu CPE ba, ka nema da sunan manhaja ba za su fito ba alhali suna nan. Ko kuma an wuce iyakar tambaya, tunda NVD na bai wa marar mabuɗin rajista tambaya 5 kacal a daƙiƙa 30. Kayan aikin da ke haɗiye wannan kuskuren ya mayar da jeri marar komai, kuma takardarsa ta yi shiru a kai, a wurina bai cancanci a haɗa shi da wakili ba, komai kyawun shafinsa.

Akwai akasin haka ma. Debian da Red Hat, masu rarraba tsarin Linux, sukan ɗauko gyara su saka a tsohuwar siga ba tare da babbar lambarta ta canza ba, sai kayan da ke duba lamba kawai ya yi ta ihun rauni a sabar da aka riga aka gyara. Takarda mai kyau za ta faɗi hakan a layi ɗaya, ta kuma sa kowace amsa ta zo da ranar da aka sabunta bayanan da sigar da gyara ya fara, don wakilin ya samu abin da zai gaya wa mai sabar ya yi.