Masu shan maganin tarin fuka mai taurin kai (wanda ba ya jin maganin da aka saba), ku daina gudun gwajin jini

Abin da muke gani ke nan a asibiti kusan kowane wata. Mutum ya yi wata biyu yana shan magani, tari ya lafa, jiki ya fara murmurewa, sai ranar ɗibar jini ta zo a neme shi a rasa. In an bi shi har gida ya ce wai jinin nasa kaɗan ne, za a ƙarar masa. Haba jama'a! Abin da ake ɗiba bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5 a jikinsa.

A cikin haɗin magani na wata 6 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022 akwai ƙwaya mai suna linezolid, miligiram 600 kullum. Tana kashe ƙwayar cutar sosai, amma a jikin wasu tana taɓa ɓargo, inda ake ƙera jini. Jinin yana raguwa a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Kafin haki da jiri su bayyana, an riga an yi nisa. Shi ya sa ake gwaji kafin a fara, a maimaita bayan mako biyu, sannan duk wata.

Sannu da ƙoƙari, mun san haɗiyar ƙwayoyi kullum ba wasa ba ne, kuɗin mota ma nauyi ne. Amma shan lemon malt da madara, ko sayen maganin ƙarin jini a kemis, ba ya maye gurbin gwaji. Matsalar ba rashin abinci ba ce, ɓargon ne aka danne. Likita ne zai duba takardar gwaji ya rage ƙwayar zuwa miligiram 300 ko ya dakatar da ita na ɗan lokaci, musamman in awon yawan jini, wanda ake kira haemoglobin, ya sauka ƙasa da 8. Ba zai yi duba ya gano wannan ba, sai da jininka a kwalba.

Ko ma'aikaci ya zo gida ya huda yatsa da ƙaramar na'ura, a gode masa, amma yawan jini kawai take nunawa. Ƙwayoyin cikin jini da ke tsayar da zubar jini kuwa, ba a gane yawansu sai an ɗiba ta jijiya an kai ɗakin gwaji. In an huda yatsan kuma kada a matse shi da ƙarfi, ruwan nama zai gauraya da jinin ya ɓata sakamako.

Kada a jira ranar asibiti in an ga haɓo, jini a dasashi, fari a tafin hannu ko cikin ido, ƙafa tana zugi ko kamar kiyashi na tafiya, ko gani ya fara dishi-dishi. A zo ranar. Kuma kada kowa ya yanke wa kansa hukuncin daina ƙwayar a gida. Iyaye mata da matan aure, ku rubuta ranar gwajin a bayan katin magani, ku tasa mai shan maganin gaba ya zo ko da yana cewa ya warke.