Shirun ma'aikata ba haɗin kai ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa ofishin da ba a jin ko tari a wurin taro, kowa sai "to, ranka ya daɗe", shi ne wanda kan ma'aikatansa ya haɗu. Sau da yawa tsoro ne ya rufe bakuna. Akawu zai ga kuskure a lissafin oga, ya haɗiye, sai an tashi aiki ya amayar wa abokinsa a teburin mai shayi. Kuskuren kuwa yana nan a takarda, har an sa masa hannu.

A shekarun 1990, Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard a Amurka ta yi bincike a asibitoci, tana zaton rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa ne za su fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai ta tarar su ne suka fi kawo rahoton kuskure. Ba wai sun fi kowa ɓarna ba, su dai ba sa tsoron faɗa ne. Google ma, da ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa 180 a 2012, wannan sakin jikin na faɗin magana ba tsoro ya samu a sahun gaba cikin abubuwan da ke sa rukuni ya yi nasara.

Ba ina cewa a riƙa yi wa na gaba tsawa ba, ladabi yana nan. A masana'antar Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya idan ya ga matsala, shugaban sashensa ya taso ya duba, in ta kama a tsayar da layin haɗa motoci har sai an gyara.