Naman da aka cire a tiyata ba na zubarwa ba ne

Jama'a, abu guda muke ta gani a asibiti. An yi wa mutum tiyatar kansar fata, an ba shi naman da aka cire a kwalba ya kai ɗakin gwaji, sai ya ajiye a gida ko ya zubar. Wai ai an riga an gwada tun farko. Haba!

Gwajin farko ɗan gutsure ne, galibi faɗin milimita 3 zuwa 4. Yana da kyau ƙwarai wajen nuna ko kansa ce, kuma wace iri: basal, sukwamos ko melanoma. Inda yake tuntuɓe shi ne ƙananan nau'o'in. Kansar basal guda ɗaya tana iya zama mai laushin hali a sama, a ƙasa kuma mai saiwoyin da ke ratsa nama. Idan gutsuren bai taɓo saiwoyin ba, takardar sakamako za ta ce mai sauƙi ce, likita ya yanka da gefen milimita 4 (wato lafiyayyar fatar da ake haɗawa a yanke kewaye da ciwon), saura ya zauna ciki. Melanoma kuwa kaurinta ake aunawa. Mai kaurin milimita 1 ko ƙasa ana yankewa da gefen santimita 1, wadda ta haura milimita 2 sai santimita 2. Idan an kankare samanta kawai, awon ya zama ƙarya.

To wa zai gyara wannan kuskure? Naman nan da kuke zubarwa. Shi ne zai nuna ainihin nau'in, ya nuna ko gefen yankan ya fita tsaf. Kun jure allura, kun jure ɗinki, sai kai kwalba ne ya gagare ku? Mun san akwai gajiya da tsoron abin da takarda za ta faɗa. Amma ciwon da ya dawo ta cikin tabo ya fi na farko wuyar cirewa, musamman a hanci ko gefen ido.

Don Allah:
- Naman ya nutse cikin ruwan fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa), kimanin ninki 10 na girman naman. Ban da ruwan sha, ban da firiza.
- A rubuta suna da wurin da aka cire a jikin kwalbar.
- A kai shi ranar.
- A karɓo sakamako, a haɗa da na farko a nuna wa likitan da ya yi aikin.

Idan ya ce a ƙara yanka, ku koma ko da wurin ya warke sumul.