Gasar cikin gida ta jami'a kan tallafin bincike mai ƙayyadadden gurbi

Gasar cikin gida tantancewa ce da jami'a ke yi wa malamanta idan wata hukuma ko gidauniya ta ƙayyade yawan takardun neman tallafin bincike da kowace jami'a za ta iya shigarwa. Tsarin ya fi kafuwa a jami'o'in Amurka, kuma ofishin kula da bincike na jami'a ne ke gudanar da shi.

Masu ba da kuɗin ne suka haifar da gasar, domin sun fi so jami'a ta fara tace nata kafin takardu su iso gare su. Gidauniyar Packard, wadda ta soma tallafa wa matasan masana kimiyya da injiniyanci a 1988, tana gayyatar jami'o'i 50, kowacce ta kawo mutum biyu, sannan ta zaɓi kimanin 20 ta ba kowannensu dala 875,000 cikin shekara biyar. Shirin gidauniyar Pew na masu binciken lafiya mutum ɗaya tak yake karɓa daga kowace cibiyar da ya gayyata. Ita ma hukumar kimiyya ta ƙasar Amurka, NSF, ta sa iyaka a shirinta na sayen manyan na'urorin bincike, kuma takan mayar da takardar da ta haura adadin ba tare da an duba ta ba.

Yawanci ofishin kan sanar da gurbin, ya sa wa'adi makonni ko watanni kafin na mai ba da kuɗin. Mai nema yakan miƙa taƙaitaccen bayanin aikinsa na shafi biyu ko uku, da tarihin karatunsa da ayyukansa, da ƙiyasin kuɗi, wani lokaci har da wasiƙar goyon baya daga shugaban sashe.

A gaban kwamitin tantancewa na jami'a ne mafi yawan masu nema ke tuntuɓe. Malaman da ke zaune a kwamitin daga fannoni daban-daban suke, sai ka ga masanin lissafi na karanta aikin masanin ƙwayoyin cuta. Takardar da aka cika da kalmomin da 'yan fanni kaɗai ke ganewa takan sha kaye a hannun wadda ta fayyace matsalar tun daga sakin layi na farko. Sannan kwamitin ba gwani kawai yake nema ba, yana neman wanda zai iya ciyo kuɗin idan ya kara da 'yan takarar sauran jami'o'i. Shi ya sa ake auna takarda da ma'aunin gidauniyar, har a duba irin ayyukan da ta tallafa a baya. Akan yi ƙorafin cewa hakan yana fifita sanannu a kan sababbin malamai, kuma ƙorafin yana da tushe.

Wanda aka zaɓa gurbin takara kawai ya samu, kuɗi na gaba. Idan ya ga ba zai iya kammala cikakkiyar takardar ba, ana sa ran ya sanar da wuri don a miƙa gurbin ga wanda ke biye masa.