Yankin Tafkin Saimaa

Saimaa shi ne tafki mafi girma a ƙasar Finland, kuma na huɗu a jerin manyan tafkunan ruwan daɗi na nahiyar Turai. Yana kudu maso gabashin ƙasar, dab da iyakar Rasha, a lardunan Savo da Karelia. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 4,400, amma wanda ya tsaya a bakinsa ba zai ga wannan girman ba, domin tsibirai wajen 14,000 sun daddatsa ruwan, sun mai da shi lunguna da mashigai masu haɗe da juna. Manyan garuruwan da ke gaɓarsa su ne Lappeenranta, Imatra, Savonlinna, Mikkeli, Varkaus da Joensuu.

Asalin tafkin

Tafkin gado ne na zamanin ƙanƙara. Tulin ƙanƙarar da ya danne arewacin Turai ya ƙwaƙule duwatsun yankin, da ya narke kimanin shekaru 10,000 da suka wuce sai ruwa ya cika ramukan. Ƙasar da nauyin ƙanƙara ya lotsa ta ci gaba da tasowa sannu a hankali, kuma ta fi tasowa ta arewa maso yamma, abin da ya karkatar da tafkin zuwa kudu. A ƙiyasin masana, kusan shekaru 5,700 da suka gabata ruwan ya fasa tudun Salpausselkä ta wajen Imatra, aka samu kogin Vuoksi wanda har yau yake kai ruwan Saimaa zuwa tafkin Ladoga na Rasha. Saman tafkin yana kimanin mita 76 bisa matakin teku. Yakan daskare a yawancin shekaru tun daga Disamba har zuwa ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu.

Zanen duwatsu

Mafarauta da masunta na zamanin dutse sun bar jajayen zane a jikin duwatsun da ke tsaye a bakin ruwa. Mafi shahara shi ne na Astuvansalmi, kusa da Ristiina, wanda masana suka san da shi a 1968. Akwai siffofi fiye da 60 a wurin: mutane, kwale-kwale, tafin hannu, da babbar barewar nan ta dazukan arewa mai faffaɗan ƙaho. A cikinsu har da mace riƙe da baka, abin da ba a cika gani ba a irin waɗannan zane-zane. Ana jin an fara zanen ne wajen shekaru 3,000 zuwa 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma yi hasashen ne daga tsayin da ruwa yake a kowane zamani, tunda daga cikin kwale-kwale ko kan ƙanƙara ake miƙa hannu a yi shi. Idan aka dubi dutsen ta gefe yana kama da fuskar mutum, wasu na ganin shi ya sa aka tsarkake wurin.

Sansanin Olavinlinna da zamanin iyaka

Ɗaruruwan shekaru Saimaa tana kan iyakar daular Suwidin da ta Rasha, kuma kusan duk wani tsohon gini na yankin yaƙi ne ya kawo shi. A 1475 wani basarake mai suna Erik Axelsson Tott ya aza harsashin sansanin Olavinlinna a kan wani ƙaramin tsibirin dutse, a tsakiyar mashigin Kyrönsalmi. An zaɓi wurin da dabara: ruwan mashigin yana gudu da ƙarfi har ba ya saurin daskarewa, don haka maƙiyi ba zai tako kan ƙanƙara da hunturu ya iso gindin bango ba. An sa masa sunan Olaf, waliyyin Kiristocin ƙasashen arewa. Hasumiyoyi biyar aka yi masa tun farko, uku ne suka rage, masu kauri da zagayayyen kai.

Sansanin ya miƙa wuya ga Rashawa a 1714, ya koma hannun Suwidin a 1721, sannan yarjejeniyar 1743 ta mallaka wa Rasha shi tare da garin Savonlinna da ya tsiro a gefensa. A shekarun 1790 Janar Suvorov ya ƙarfafa shi, ya gyara sansanin Lappeenranta, ya kuma sa aka haƙa ƙananan mashigai huɗu domin jiragen yaƙin Rasha su riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu ba tare da sun shiga ruwan Suwidin ba. Har yanzu ana bi ta wasunsu da ƙananan jirage. Bayan da Finland gaba ɗayanta ta shiga ƙarƙashin sarkin Rasha a 1809, sansanin ya rasa amfaninsa na soja. An mai da shi gidan kaso na ɗan lokaci, ya yi gobara, daga baya aka gyara shi.

Sunan da yake da shi a yau a wajen Finland waƙa ce ta jawo masa. Mawaƙiya Aino Ackté ta shirya bikin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi, a farfajiyar sansanin a 1912. Bikin ya tsaya bayan 'yan shekaru, aka farfaɗo da shi a 1967, kuma tun daga nan ake yin sa kusan kowace shekara a watan Yuli, a ƙarƙashin wata babbar rumfa mai ɗaukar mutum sama da 2,000.

Imatra da Punkaharju

Gangaren ruwan Imatra, inda Vuoksi ke kutsawa ta tsagin dutse, ana ɗaukarsa wurin yawon buɗe ido mafi daɗewa a Finland. Sarauniya Catherine ta Rasha ta zo kallonsa a 1772, sarkin Brazil Pedro na Biyu ma ya zo a 1876. Da jirgin ƙasa ya haɗa garin da birnin Saint Petersburg sai baƙi suka yi ta kwarara, aka gina babban otal mai siffar fada a 1903. A 1929 aka datse ruwan domin samar da lantarki. Yanzu kwarin a bushe yake, sai a wasu ranakun bazara ake buɗe ƙofofin madatsar na ɗan lokaci, jama'a su taru a kan gada su ga yadda yake a da.

Punkaharju kuwa siririn tudu ne na yashi da tsakuwa, mai tsawon kusan kilomita 7, da ruwa dama da hagu, wani wurin da ƙyar ya ɗauki hanyar mota. Hukuma ta hana sare dogayen itatuwansa tun ƙarni na 19. A nan gidan tarihin gandun daji na Lusto yake.

Norppa

Dabbar da ta zama tambarin yankin ita ce wadda 'yan ƙasar ke kira norppa. Mai shayarwa ce da ke zaune a ruwa, jikinta sulɓi kamar na ayu amma ba ta kai shi girma ba, ga zobe-zoben fari a fatarta, kuma kifi take ci. Danginta a teku suke. Ita tasowar ƙasa ce ta tsare ta a tafkin, shekaru 8,000 ko fiye da haka, kuma babu inda ake samunta a duniya sai Saimaa. A da masunta na ganinta ɓarauniyar kifi, har lada ake biya ga wanda ya kashe ta. An haramta farautarta a 1955, duk da haka a farkon shekarun 1980 ba su fi 100 zuwa 150 ba. Yanzu an ƙiyasta sun kusa 500.

Tana haihuwa a Fabrairu zuwa Maris, a cikin kogon da take haƙawa a tarin dusar ƙanƙara a bakin tsibiri. Da hunturu ya fara zuwa ba dusa isasshiya, sai ma'aikata da 'yan sa-kai suka shiga tara mata ita da shebur, aikin da aka faɗaɗa tun 2014. An kuma hana kafa raga a wuraren kiwonta daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, saboda 'ya'yan kan sarƙe su nutse. Ana ta jayayya da masunta kan tsawon wannan hani. Wani bincike na 2025 ya nuna cewa jinsi ce mai zaman kanta. An fi ganinta a watan Mayu, tana kwance kan dutse tana sake gashi, musamman a gandun Linnansaari da aka kafa a 1956 da na Kolovesi na 1990.

Wuraren ibada

Cocin Kerimäki, da aka gama a 1847, da katako zalla aka gina shi, yana zaunar da mutum fiye da 3,000. Labarin cewa kuskuren awo ne ya sa ya yi wannan girman ba shi da tushe. So aka yi ya ɗauki rabin mutanen gundumar a zama ɗaya. A Heinävesi akwai gidan zuhudu na Sabon Valamo na ɗariƙar Otodoks, wanda sufayen da yaƙi ya koro daga tafkin Ladoga suka kafa a 1940.

Abinci da hutu

Ƙaramin kifin muikku, da ake birkiɗawa a garin hatsin rai a soya da man shanu, shi ne abincin kasuwar Savonlinna. Dubban iyalai na da ɗakunan hutu na katako a bakin ruwa, kusan kowanne da sauna, ɗakin siracen da ake fitowa daga cikinsa a faɗa tafki. Ana tseren kwale-kwale a Sulkava tun 1968.

Mashigin Saimaa

An buɗe mashigin da aka haƙa don haɗa Lappeenranta da teku ta garin Vyborg a 1856, tsawonsa a yau kilomita 43 ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sashensa na kudu ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, sai Finland ta karɓi hayarsa a 1963, ta sake gina shi, aka buɗe a 1968 da matakala 8 na ɗaga jirgi da sauke shi, biyar daga ciki a ɓangaren Rasha. An sabunta hayar na shekara 50 daga 2012. Katako da kayan masana'antar takarda ne suka fi bi ta cikinsa, sai jiragen 'yan yawon buɗe ido zuwa Vyborg. Zirga-zirgar ta durƙushe bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022, kuma a ƙarshen 2023 Finland ta rufe ƙofofin shiga da fita na kan iyakarta da Rasha.