Wuta a ƙarƙashin teku ba tatsuniya ba ce

A wata majalisa kusa da Haɗejiya aka yi ta musu: wai lantarki ba zai taɓa bi ta cikin ruwa ba, ai kowa ya san yadda jiƙaƙƙiyar waya ke jan mutum da damina. Tsoron nan gaskiya ne, amma tsirarar waya ce ke kisa.

Ta teku kuwa naɗe take da takarda ta musamman mai shan mai, sannan darma, sannan sulken ƙarfe. Ruwa ba ya kaiwa ga tagullar ciki. Tun 1954 Suwidin ta kai wa tsibirin Gotland wuta ta wannan hanya.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta tsakanin Norwe da Ingila, mai tsawon kilomita 720, da ta fara aiki a 2021. Idan iska ta kaɗa sosai a Ingila, injinanta masu aiki da iska suka samar da wuta fiye da buƙata, sai a tura wa Norwe, ita kuma ta adana ruwan madatsunta, kamar mai rufe rumbu. Ranar da iska ta kwanta, sai ta saki ruwan ya juya injinan samar da lantarki, wuta ta dawo Ingila ta wannan wayar.