Waiwaye: Tallafin Duniya ga Falasɗinawa, Daga Tantunan 1948 Zuwa Ɓaraguzan Gaza

A watan Fabrairun 2025 ne Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa, inda suka ce za a buƙaci kimanin dala biliyan 53 cikin shekara goma kafin a sake gina Zirin Gaza, a kuma farfaɗo da abin da yaƙi ya durƙusar. Wanda ya daɗe yana bibiyar wannan al'amari ya sha jin irin wannan lissafi, domin an yi makamancinsa a 2009, an kuma sake yi a 2014. Kafin a fahimci abin da ya sa ake ta tufka baya na warwarewa, sai an koma ga asalin wannan tallafi da niyyar da aka ɗora shi a kanta tun ranar farko.

Yaƙin 1948, wanda Falasɗinawa ke kira Nakba, wato babbar masifa, ya raba fiye da mutum 700,000 da gidajensu da gonakinsu. Wasu suka tsaya a Gaza da Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, wasu suka tsallaka Jodan da Siriya da Labanan. A watan Disamban shekarar, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce a ƙyale masu son komawa gida su koma, a biya diyya ga waɗanda ba su zaɓi hakan ba. Da aka ga komawar ba ta kusa, sai aka tura wata tawagar nazarin tattalin arziki ƙarƙashin Ba'amurken nan Gordon Clapp, kuma a kan shawararta aka kafa UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinawa, ranar 8 ga Disamban 1949, ta fara aiki ranar 1 ga Mayun 1950.

Abu biyu ne a tsarin kafa hukumar suka zame mata ƙarfen ƙafa har yau. An ɗauke ta a matsayin ta wucin gadi, shi ya sa ake sabunta wa'adinta lokaci bayan lokaci, yawanci duk bayan shekara uku. Sannan ba a yanka mata wani tabbataccen kaso da zai riƙe ta ba, kusan duk kuɗinta gudummawar ganin dama ce daga ƙasashe. Tunanin su Clapp shi ne a rage rabon garin alkama da mai da sukari, a sa mutane ayyukan gina hanyoyi da noman rani, har su saje da ƙasashen da suka karɓe su. 'Yan gudun hijirar sun karanci wannan a matsayin dabarar mantar da su gida, kuma a 1955 mutanen Gaza suka fito zanga-zangar da ta binne shirin sake tsugunar da su a yankin Sinai. Daga nan hukumar ta karkata ga ilimi da kiwon lafiya, kuma a ganina wannan karkatar ita ce mafi albarkar abin da tallafin duniya ya taɓa yi wa Falasɗinawa. Makarantunta sun yaye malamai da injiniyoyi da akawu waɗanda suka cika ofisoshin Kuwaiti da Saudiyya a zamanin bunƙasar man fetur, suna aiko da kuɗi gida. Kafin yaƙin baya-bayan nan, hukumar na da rajistar mutum kusan miliyan 5.9, da makarantu wajen 700 masu ɗalibai kimanin rabin miliyan, da ma'aikata wajen 30,000 waɗanda kusan dukkansu Falasɗinawa ne.

Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta mamaye Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, tattalin arzikin yankunan ya rataya a wuyan nata, har ta kai fiye da mutum 100,000 na tsallakawa kullum yin ƙwadago a wuraren gini da gonakinta. A 1978 taron shugabannin Larabawa na Bagadaza ya yi alƙawarin dala miliyan 150 duk shekara domin abin da suke kira sumud, wato dagewa a kan ƙasa kada a yi hijira, ta hannun wani kwamitin haɗin gwiwa na Jodan da PLO, ƙungiyar fafutukar 'yantar da Falasɗinu. A Disamban wannan shekarar kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta umarci hukumarta ta raya ƙasashe, UNDP, da ta buɗe shiri na musamman don Falasɗinawa. Kuɗin Larabawa ya yi ta raguwa da faɗuwar farashin mai, sannan ya kusa ƙafewa bayan rikicin Kuwaiti na 1990 zuwa 1991, lokacin da ƙasashen Tekun Fasha suka yi fushi da shugaban PLO, Yasser Arafat, saboda kusantar Saddam Hussein, dubban ɗaruruwan Falasɗinawa kuma suka rasa mazauninsu da ayyukansu a Kuwaiti.

Da aljihu wayam PLO ta shiga tattaunawar sulhu ta Oslo da Isra'ila. An sa hannu a yarjejeniyar a Washington ranar 13 ga Satumban 1993, kuma ba a cika mako uku ba, ranar 1 ga Oktoba, ƙasashe masu ba da taimako suka hallara a birnin suka yi alƙawarin fiye da dala biliyan 2 cikin shekara biyar. Aka kafa kwamitin daidaita tallafi wanda Norwe ke shugabanta, Bankin Duniya kuma yake riƙe masa sakatariya. Hujjar da aka kafa a lokacin mai sauƙin fahimta ce: idan talaka ya ga kwalta da ruwan famfo da asibiti, zai rungumi zaman lafiya, su kuma 'yan siyasa su kammala maganar iyakoki da Ƙudus da 'yan gudun hijira cikin wa'adin shekara biyar. Wato an ɗauki tallafin a matsayin gada zuwa ga ƙasa mai cin gashin kanta.

Amma takardar da ta fi kowace tasiri a kan tukunyar Bafalasɗine ita ce wadda ba a cika ambata ba, yarjejeniyar tattalin arziki ta Paris ta 29 ga Afrilun 1994. Ta haɗa yankunan Falasɗinawa da Isra'ila a tsarin kwastan guda, ta bar shekel na Isra'ila a matsayin babban kuɗin ciniki, ta kuma damƙa wa Isra'ila karɓar harajin kayan da ake shigo wa Falasɗinawa da su ta tashoshin jiragen ruwanta, ta cire kashi 3 cikin 100 ladan aiki, ta miƙa sauran duk wata. Wannan kuɗi shi ne wajen kashi biyu bisa uku na abin da Hukumar Falasɗinawa, wato gwamnatin da aka kafa bayan yarjejeniyar Oslo, ke samu, wanda da shi take biyan malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda. Ba tallafi ba ne, haƙƙinsu ne, sai dai wuƙa da naman suna hannun wani. An riƙe shi a 2006 bayan Hamas ta ci zaɓe, an riƙe a 2011 bayan shigar Falasɗinu hukumar UNESCO, an riƙe a 2012 bayan samun kujerar 'yar kallo a Majalisar Ɗinkin Duniya, an kuma riƙe a 2015 bayan shiga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Daga 2019 Isra'ila ta fara zaftare adadin da ya yi daidai da abin da Hukumar ke biyan fursunoni da iyalan waɗanda aka kashe, tana mai cewa biyan lada ne ga masu kai hari. Duk lokacin da aka yi haka, ƙasashe masu tallafi ake waiwaya su cike giɓin, kuɗin da aka ware wa raya ƙasa ya koma na albashi.

Yarjejeniyar Oslo ta biyu, ta 1995, ta kasa Gaɓar Yamma gida uku, ta bar yankin da ake kira C, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar kuma a cikinsa akasarin filayen noma da ma'adinan Tekun Gishiri suke, ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila. A 2013 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hana Falasɗinawa cin moriyar wannan yanki na jawo musu asarar kimanin dala biliyan 3.4 a shekara, adadin da ya zarce duk abin da masu tallafi ke bayarwa a shekarar.

Laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. A 1997 ofishin binciken kuɗi na Hukumar Falasɗinawa da kansa ya gano an ɓarnatar ko an karkatar da fiye da dala miliyan 300 na baitulmali, kuma sai da aka naɗa Salam Fayyad, tsohon ma'aikacin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ministan kuɗi a 2002 kafin aka tattara kuɗaɗen shiga a asusu ɗaya. A lokacin kuwa boren Intifada na biyu, wanda ya ɓarke a Satumban 2000, ya riga ya cinye akasarin abin da aka gina. Filin jirgin saman Gaza ya isa misali: an buɗe shi a Nuwamban 1998 da kuɗin ƙasashe irin su Japan da Jamus da Sifaniya da Masar da Saudiyya, Shugaba Bill Clinton ya sauka a cikinsa a watan Disamban shekarar, amma zuwa Janairun 2002 motocin rusau na sojan Isra'ila sun farfasa titin saukar jiragen, kuma bai sake aiki ba.

Nasarar Hamas a zaɓen Janairun 2006 ta fito da fuskar siyasar tallafin ƙarara. Amurka da Tarayyar Turai suka dakatar da kuɗin da ke shiga hannun gwamnati kai tsaye, Turawa suka ƙirƙiro hanyar biyan ma'aikata da mabuƙata ba tare da bi ta ma'aikatu ba. Da Hamas ta ƙwace Gaza a Yunin 2007, Isra'ila da Masar suka tsananta rufe iyakokin zirin, sai tallafin ya rabu biyu. Gaɓar Yamma ta samu kuɗin gina hukumomi ƙarƙashin Fayyad, wanda ya zama firaminista, taron Paris na Disamban 2007 ya yi alƙawarin fiye da dala biliyan 7, kuma a 2011 Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka shaida cewa hukumomin sun isa riƙe ƙasa. Ƙasar ce dai ba ta zo ba. Gaza kuwa ta koma hannu baka hannu ƙwarya, inda kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna suka dogara da agaji. Taron Sharm el-Sheikh na Maris 2009 ya yi alƙawarin kusan dala biliyan 4.5, na Alƙahira a Oktoban 2014 ya yi na biliyan 5.4, sai dai bayan shekaru, wajen rabin abin da aka ware wa Gaza ne kaɗai ya fito, siminti da ƙarfen gini kuma suna shiga ne ta wani tsarin sa ido mai tsauri, saboda Isra'ila na cewa Hamas na karkatar da su zuwa haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan gajiya ta kama masu bayarwa. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna tallafin kasafin kuɗi ya faɗo daga kashi 27 cikin 100 na arzikin cikin gida a 2008 zuwa ƙasa da kashi 2 a 2021. A 2018 gwamnatin Donald Trump ta yanke kuɗin UNRWA baki ɗaya, alhali Amurka ce babbar mai ba ta, da fiye da dala miliyan 350 a shekarar da ta gabata. Joe Biden ya dawo da shi a Afrilun 2021. A tsakanin nan Katar ta riƙa shigar da tsabar kuɗi Gaza da amincewar Isra'ila, ana raba wa iyalai matalauta dala 100 kowanne. Tun ƙarshen 2021 ma'aikatan Hukumar Falasɗinawa ba su cika ganin cikakken albashi ba.

Harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, da yaƙin da ya biyo baya, wanda ya kashe dubun-dubatar Falasɗinawa ya kuma raba kusan duk mazauna Gaza da muhallinsu, sun mayar da maganar daga raya ƙasa zuwa neman abin da za a sa a baka. A Janairun 2024 Isra'ila ta zargi ma'aikatan UNRWA 12 da hannu a harin, ƙasashe 16 suka dakatar da kuɗinsu. Binciken cikin gida na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai ga korar mutum 9, yayin da kwamitin tsohuwar ministar wajen Faransa, Catherine Colonna, ya ba da shawarwarin ƙarfafa tsaka-tsakin hukumar, ya kuma ce Isra'ila ba ta gabatar da hujjar zarginta na cewa ɗimbin ma'aikatan 'yan ƙungiyoyin makamai ne ba. Akasarin ƙasashen sun dawo da tallafinsu, ban da Amurka. Ranar 28 ga Oktoban 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta haramta wa hukumar aiki a ƙasarta, ta kuma hana jami'an Isra'ila hulɗa da ita.

Daga 2 ga Maris na 2025 aka rufe mashigun Gaza fiye da wata biyu ba a bar ko buhu ɗaya ya shiga ba, daga baya aka ɗora rabon abinci a kan wata sabuwar gidauniya mai goyon bayan Amurka da Isra'ila, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙi yin aiki da ita, kuma ɗaruruwan mutane suka mutu a hanyar zuwa cibiyoyinta. Ranar 22 ga Agusta tsarin duniya na auna matsanancin ƙarancin abinci ya tabbatar da yunwa a birnin Gaza da kewayensa. An tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoba, sannan ranar 22 ga watan Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana ra'ayinta cewa wajibi ne Isra'ila, a matsayinta na mai mamaya, ta sauƙaƙe shigar agaji, har da wanda ke bi ta hannun UNRWA. Kafin wannan rana hukumar ta rasa ma'aikata fiye da 300 a yaƙin, makarantunta na Gaza sun koma matsugunan waɗanda suka rasa gidaje, yara fiye da 600,000 na zirin kuma sun shafe shekara biyu ba su zauna a aji yadda aka saba ba.